Tsohon kan sarkin da ke cikin adakar gida: yadda za ka sa shi a firam ba tare da ka kashe shi ba

Duk gidan Bahaushen da ya haura shekara arba'in a Kudu, in aka buɗe tsohuwar adakar mai gida ko akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, da wuya a rasa ƙunshin wasiƙu ɗaure da kyauro ko tsumma. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, wasiƙa ce ke haɗa Agege da Kano, Sabon Ibadan da Katsina, Anacha da Haɗeja. Wasu da ajami aka rubuta cikinsu, sai adireshin bayan ambulan ne kawai da boko, galibi da hannun marubucin wasiƙa na bakin gidan waya, kuma ta hannun Sarkin Hausawa ko akwatin gidan wayar wani Alhaji ɗaya duk unguwa ke karɓa. A kusurwar kowace akwai ɗan kan sarki. Irin waɗannan takardu su ne farkon abin da ake cinna wa wuta ranar tashi daga gidan haya, ko bayan an yi rabon gado, don ana ganin tarkace ne. Wanda ya tsira daga wuta kuma danshin Kudu da kyankyasai na nan suna aikinsu a hankali.

Sunan kansa tarihi ne. A Ingila aka fara kan sarki a 1840, da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Ikko ta samu nata a 1874, Arewacin Najeriya a 1900, Kudanci a 1901, sai 1914 bayan haɗe ƙasar aka buga wanda ke ɗauke da sunan Najeriya kaɗai. Lokacin da kakanninmu suka fara mu'amala da gidan waya, kan Sarki Edward ne ko na Sarki George a jiki, to ka ji inda sunan ya samo asali. Yau ko hoton tsuntsu ne a jiki, kan sarki muke cewa.

Bari in fara da maganar kuɗi, don na san ita ce za ta fara zuwa ran mutum. Za ka ga ana yaɗawa a Facebook cewa tsohon kan sarki ya mai da wani attajiri. Akwai ƙamshin gaskiya: wani ɗan ƙaramin kan sarki na ƙasar Giyana ta Ingila, bugun 1856, an sayar da shi sama da dala miliyan 9 a 2014. Amma shi kaɗai ne irinsa a duniya. Mu ma muna da namu mai tsada, na fam 25 na Arewacin Najeriya, bugun 1904, wanda masu tara kan sarki na duniya ke rububinsa, sai dai ba a adakar bafatake za a tsince shi ba, fam 25 a wancan zamani ai garke ne. Abin da ke gidajenmu yawanci na bayan 'yancin kai ne, an buga su miliyoyi, a kasuwa ba su kai kuɗin firam ɗin da za ka saya musu ba. Darajarsu ita ce hatimin da ke kansu ya nuna cewa a rana kaza, shekara kaza, wani naka yana wannan gari, ana rubuto masa daga gida. Ga mu da aka haifa a nan ake ce mana baƙi, in mun je gida kuma a ce mana 'yan Kudu, wannan ba ƙaramar takarda ba ce.

Shi ya sa doka ta farko ita ce kada ka yi gaggawar ɓamɓare kan sarki daga ambulan. Ambulan cikakkiya, da adireshi da hatimin garin da ta taso da na garin da ta sauka, ta fi kan sarkin tsirara daraja, a wajen iyali da ma wajen masu saye. Sannan akwai kan sarkin da bai kamata ma hannu ya je kusa da shi ba: wanda ke jikin rasidi ko takardar yarjejeniya. A da in an sayi fili, ko an biya haya, ko an yi cinikin mota, ana manna kan sarki a takardar a sa hannu a kansa. Ka yanke shi don ado, ka raunana takardar da wata rana za a nema a gaban mai unguwa ko a kotu. Kowa ya san yadda rigimar fili take a Legas da Ibadan. Irin wannan takarda hotonta za ka ɗauka ka sa a bango in kana so, ita kuma ta koma ma'ajiya.

Waɗanda ke kan yagaggun ambulan da ba su da sauran amfani su ne na jiƙawa. Ka yanka takardar kewaye da shi, ka sa a ruwa mai sanyi mai tsabta minti goma zuwa sha biyar, zai saki da kansa, kada ka ja. Ka kifa shi a kan tawul mai tsabta ya sha iska, sannan ka danne shi tsakanin farar takarda a ƙarƙashin littafi mai nauyi ya kwana. In ambulan mai launi ce, ja ko shuɗiya, ka jiƙa ta ita kaɗai don tana zuba. Na zamanin Turawa kuwa, musamman masu ruwan kore da shanshanbale na farkon ƙarnin da ya wuce, kada su ga ruwa ko kaɗan. Kamfanin De La Rue da ya buga su da gangan ya yi amfani da tawada mai narkewa, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da kan sarkin. Ka jiƙa shi, fuskar sarkin ta zama kamar an shafa da yatsa. Kuma a duk wannan aiki da hantsaki mai faffaɗan baki ake kamawa. Yatsa na da maiƙo da gumi, tabon ba zai fito yau ba, sai bayan shekara biyu ka ga hoton yatsarka.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Da ka ce firam, abin da zai zo ranka shi ne masu firam na bakin titi, waɗanda ke yi wa hoton biki da na Alhaji da takardar shaidar makaranta. Aikinsu na da kyau ga abin da suka saba. Amma yadda suke yi shi ne su shafa gam a bayan hoton, su manna a katako, su lulluɓe da leda mai sheƙi ko su danne da gilashi. Hoto in ya lalace ana sake wanke wani. Kan sarkin 1953 in aka yi masa haka ya tafi kenan. Haka nan laminatin, wanda mu a nan komai kai shi muke, daga katin asibiti har takardar haihuwa. Injin yana narkar da leda ne da zafi ta shige cikin takardar, babu mai iya raba su har abada. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru sai ya koma ruwan ƙasa, maiƙonsa ya huda takardar ya fito ta gaba. In za ka kai aiki wajen mai firam, ka shirya shafinka a gida, ka tsaya a kansa, ka ce masa katako da gilashi kawai kake so.

To da me za a riƙe shi? Masu wannan harka suna da 'yar riga ta leda mai ƙarfi, bayanta baƙi gabanta garau, ana zura kan sarkin a ciki, rigar ce ake mannawa a kwali, shi kansa gam bai taɓa shi ba. Kamfanonin Hawid da Showgard da Prinz ne suka yi suna wajen yinta, ana saye ta intanet ko a sa wani mai dawowa daga waje ya riƙo, kuma ƙunshi ɗaya zai daɗe maka. Akwai kuma baƙin shafi mai layukan aljihu, wanda ake zura kan sarki a jere. Wannan ni na fi ganin sauƙinsa ga mai farawa, don shafin gaba ɗaya za ka sa a firam, in ka gaji da tsarin ka buɗe ka sauya. Ambulan kuwa kusurwoyin hoto sun ishe ta, irin waɗanda ake riƙe hotuna da su a tsohon albam, guda huɗu, kuma kada ka matse, takarda na numfashi, tana buɗewa da damina ta tsuke da rani. Abin gudu shi ne ledar nan mai laushi mai warin sabon takalmin roba, wadda ake yin jakar takardu da ita. Tana fitar da wani mai a hankali, ya manne da tawada, ranar da ka zo cirewa sai rabin hoton ya zauna a jikin ledar.

Kwalin da za a ɗora a kai shi ma ba kowane ba. Kwalin indomi da takardar jarida da bayan kalanda suna da sinadarin asid, shi ne ke sa tsohuwar jarida ta yi ja ta riƙa karyewa, kuma yana tsallakawa zuwa duk takardar da ta jingina da shi. Ka nemi kwalin masu zane marar asid, ana samu a shagunan kayan zane. In bai samu ba, farar takardar zane mai kauri ta fi kwalin kaya sau goma. Sannan dole a bar tazara tsakanin kan sarki da gilashi, ko da milimita uku ce. Ana yin haka da kwali na biyu da aka yanka wa taga, a ɗora a sama. Dalilin kuwa shi ne babban abokin gabarmu a nan.

Danshi nake nufi. Takarda ta fi son iska mai danshin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba ko kusa da haka. A Legas da Fatakwal da Kalaba da Warri, da damina yana haura 80, ya zauna a nan wata da watanni. Wanda ya bar takalmin fata a lungu sati biyu a watan Yuli ya san abin da nake faɗa. Abu uku danshi ke yi wa kan sarki. Wanda ba a taɓa amfani da shi ba yana da gam a baya, gam ɗin ya jiƙe ya kama duk abin da ke kusa. Fumfuna ta tsiro. Sai kuma ɗige-ɗigen nan masu ruwan tsatsa da ke fitowa a tsohuwar takarda, waɗanda ba sa fita. Da asuba gilashi ya fi iska sanyi, raɓa na taruwa a cikinsa, in kan sarki na jingine da shi to ya sha ruwa kenan kullum. 'Yan uwanmu da ke Kano ko Sakkwato ba su san wannan matsala ba, su ƙura da zafi ne nasu, don haka shawarar da wani zai ba ka daga gida ba lallai ta yi aiki a Mile 12 ba.

Maganin ba tsada gare shi ba, kula yake so. Ka haɗa firam ɗin a rana busasshiya, in da hali lokacin hunturu, Disamba ko Janairu, don iskar da ka rufe a ciki ita za ta zauna. Ka toshe bayan da takarda mai gam ta masu firam, kewaye duka, saboda kyankyaso da 'yan ƙwarin nan masu ruwan azurfa da ke cin littafi, gam ɗin kan sarki abinci ne a wajensu. 'Yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko robar magani, daina zubar da su, ka sa biyu ko uku a bayan kwalin, ba a jikin kan sarkin ba. Suna cika da ruwa, don haka duk 'yan watanni a sauya. Kada ka rataye a bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ko wanda ke haɗe da banɗaki, ko kusa da risho da hayaƙin janareto. Ka manna 'yan gutsattsarin roba a kusurwoyin baya don firam ya ɗan ɗaga daga bango iska ta riƙa wucewa.

Haske kuma ba shi da magani sai ragewa. Ka duba fastar siyasar da ta shekara a bango: ja da rawaya sun gudu, shuɗi kaɗai ya rage. Haka zai yi wa kan sarki, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Gidajen tarihi na ajiye takardu a haske mai rauni ƙwarai. A babban ɗakin karatu na British Library da ke Landan, kan sarkinsu na cikin allunan da ake jawowa daga bango, ka kalla ka mayar cikin duhu. Akwai gilashi mai tare ɓangaren hasken rana da ya fi ɓarna, yana taimakawa, amma yana da tsada kuma ragewa yake ba hanawa ba. Bangon da rana ba ta taɓa kaiwa, da ƙwan LED maimakon doguwar fitila, sun fi araha. Wanda kake ji da shi sosai kuwa, ga dabarar da na fi yarda da ita: ka kai a yi masa sikanin mai kyau, a buga shi da girma, kamar tafin hannu ko ma cikakken shafi, ka sa wannan a bango, na ainihin ya zauna a albam. Ba za ka yi asara ba, don sai an faɗaɗa ake ganin aikin da ke ciki. Tsofaffin nan da hannu aka sassaƙa su a ƙarfe, layi bayan layi. Amma a faɗaɗa ɗin, kada a buga daidai girmansa, musamman wanda har yanzu ake amfani da shi, kada a ce jabu kake yi.

Sai tsari, wato inda daɗin abin yake. Jera kan sarki ɗari a layi kamar sojoji ba ya tsayar da kowa. Firam mai ba da labari ɗaya shi ke sa baƙo ya miƙe daga kujera.

Wanda ya fi burge ni shi ne na taswira. Ka samu taswirar Najeriya babba, ko ka sa wani ɗalibi ya zana maka a farin kwali, ka ɗora kowane kan sarki a garin da hotonsa ya fito. Kamar don haka aka buga su. A jerin 1953 na zamanin Sarauniya Elizabeth, na kwabo mahayan Barno ne, na ahu gyaɗa ce, ka kai ta Kano, na kwabo biyu haƙar kuza, ka kai Jos, na taro gadar Jebba, na sisi tagullar Ife. A jerin 1936 akwai na sisi mai hasumiyar Katsina, da na ɗari mai tashar jirgin ruwa ta Apapa. Na 1961 ya ba ka kwal na Inugu a kwabo, da filin jirgin saman Kano a sule goma, da tashar jirgin ƙasa ta Legas a fam guda. Na 1973 ya ƙara maka kamun kifin Argungu a kobo 30, da Yankari a kobo 10, da gadar Eko a naira ɗaya. Sai ka ja jan zare ya bi layin dogo, daga Kano zuwa Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Oshogbo, Ibadan, Abekuta har Ikko. Mutanen Gabas su ja nasu ta Kafanchan, Makurɗi, Inugu, Umuahia, Aba zuwa Fatakwal. Hanyar da kakanninmu da yawa suka bi kenan bayan jirgi ya isa Kano a 1911, shanu su gangaro, goro ya hau. In kana da hatiman waɗannan garuruwa a kan gutsattsarin ambulan, sun ma fi hotunan daɗi, don kowane da kwanan watansa. Wannan firam sai ya ɗan yi girma, kuma ba sai ka cika shi rana ɗaya ba. Gurbin da ba ka samu ba ka bar shi fili, shi zai sa ka ci gaba da nema.

Mu 'ya'yan masu harkar shanu muna da namu na musamman, kuma ba shi da yawa, ga guda huɗu daga ciki. Na sule ɗaya na 1936 mai shanun Fulani. Na sule goma na 1953 mai fatu da ƙiraga. Sai na kobo 1 na 1973, shi ma fatu, da na kobo 5 mai kiwon shanu. Biyun ƙarshe suna ko'ina, na farkon biyu sai an nema, na sule goman ma zai ɗan ci kuɗi. Huɗun nan a jere a baƙin kwali, da shekarar kowane a ƙasa, sun isa su nuna cewa gwamnatoci daban-daban, daga ta Turawa har ta soja, sun ɗauki sana'ar nan abin nuna wa duniya. A ofishin ƙungiya a Oko-Oba ko Kara ko Lokpanta, ni a ganina ya fi kalandar banki ma'ana. Sai dai a irin waɗannan wurare kwafin da aka faɗaɗa za a rataye, ƙura da ƙuda da hayaƙin babbaka ba za su bar na ainihi ba.

Ambulan guda ɗaya ma firam ce. Ka zaɓi wadda ta fi tsufa, ko wadda ta kawo labarin haihuwar wani da yanzu ya yi jikoki. Ka sa ta a firam mai zurfi, a gefenta hoton wanda aka rubuto wa, a ƙasa layi biyu: wane ne, daga ina, wace shekara. In bayanta na da hatimi, ana iya yanka taga a kwalin baya a sa gilashi ta fuska biyu, a ɗora a kan kabad maimakon bango. Wasiƙar da ke ciki kuwa a karanta tukuna kafin a baje ta a falo. Tsofaffi sun rubuta maganar bashi da ta aure da ta rigimar gida, ba kowace ce ta idon baƙo ba, kuma a tambayi manya.

Akwai na canjin kuɗi, wanda yara suka fi so. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. Hagu ka jera masu ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, sule, ka rubuta sunan kowane da Hausa, don sunayen nan suna ɓacewa, yaron da aka haifa a Idi-Araba bai san ahu ba. Dama ka jera na kobo. In akwai tsofaffin kwabbai masu huda a gida ka haɗa, amma kowane da raminsa a kwali, ƙarfe kada ya taɓa takarda, yana tsatsa.

Tarin na banza-banza kuwa, irin na kobo 10 da kobo 20 da kake da guda hamsin iri ɗaya, wasu ma sun yage, nan ne za ka saki jiki. Ka ware su launi-launi, ka cika siffar taswira da su, ko harafin farko na sunan amarya, ko kore da fari da kore. Waɗannan ko gam ka sa ba ka yi laifi ba. Ka dai tabbata ka tace su da kyau kafin ka fara, kada wani tsoho ya shige cikin taron.

Kan ado, mutane na son shimfiɗa saƙi ko jar fata ko adire a bayan kan sarkin. Yana da kyau a ido, amma rini na zuba, fata kuma ita ce uwar fumfuna a Kudu. Gara a sa adon a waje: baduku ya naɗe katakon firam ɗin da fata, ko a lulluɓe kwalin tagar da saƙi, ciki ya zauna fari ko baƙi. Kan sarki ƙaramin abu ne, ado ya yi yawa sai ya ɓace.

Na san wani zai ce, to hukuncin rataye hoton mai rai fa? Tambaya ce ta gaske, a gidaje da yawa ba za a yarda da kan Sarauniya ko hoton zaki a bango ba, kuma wannan malaminka za ka tambaya, ba ni ba. Abin da zan iya cewa shi ne harkar na da faɗi. Akwai masu gine-gine, da gadoji, da furanni, da taswira. Wasiƙun da alhazai da ɗalibai suka riƙa aikowa daga Saudiyya na ɗauke da masu hoton Ka'aba da Masallacin Annabi (SAW), firam ɗinsu kaɗai abin kallo ne, sai dai a lura wasu na da kalmar shahada ko sunan Allah, a san inda za a rataye. Masu 'yan uwa a Sudan za su ga mai raƙumin nan ɗan aiken gidan waya, wanda suka fara bugawa a 1898, ga na Nijar da Ghana da Kamaru. Masu rai kuma ana iya yi musu firam mai marfi, biyu a haɗe da ƙyaure kamar littafi, a buɗe in an zo kallo a rufe. Ya warware maganar hoto, ya tare haske, kuma yana shiga jaka.

Shiga jakar nan ba wasa ba ne. Yawancinmu haya muke, kasuwanninmu na gobara, ana rusau, wani lokacin rikici ya tashi kamar na Sasa a Ibadan a 2021, mutum ya fita da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Saboda haka ni ban ba da shawarar ƙaton firam ɗaya mai ɗauke da komai ba. Ƙanana masu girman takardar A4, da roba mai garau maimakon gilashi in ana yawan tashi, sun fi. Mafi daraja su zauna a albam ɗaya, a tsaye kamar littafi ba a kwance ba don nauyi na sa su manne, cikin robar abinci mai murfi da silika. Kuma kowace ambulan ka ɗauke ta a waya gaba da baya, ka tura wa wani ɗan uwa a gida.

Mai son ƙari ya fara da tsofaffin unguwa, da limamai, da gidan Sarkin Hausawa inda wasiƙun jama'a suka riƙa sauka, da yawa za su ba ka kyauta in ka yi bayani da ladabi. Sababbi kuwa NIPOST na bugawa har yanzu, ana tambaya a manyan gidajen waya irin na Marina a Legas da na Dugbe a Ibadan. Ka sayi guda biyu, ɗaya ka ajiye, ɗayan ka manna a ambulan ka rubuta adireshinka, ka roƙi ma'aikacin ya buga hatimin a hankali yadda sunan garin da kwanan wata za su fito sosai.